Ƙarƙashin Bonet: Fijon Babanmu Ta Shekara Uku a Kan Bulo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina bibiyar wannan fili, amma yau ne na fara rubuto maka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar wata Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa a 1984. Da ita aka riƙa kai mu makaranta, da ita aka ɗauko kusan duk amaren gidanmu. Shekara uku da suka wuce na ci alwashin sai na dawo da ita yadda take ranar da ya sayo ta. Na fara da zafi. Cikin wata biyu na kwance komai: inji, kujeru, ƙofofi, gilasai, wayoyi. Yanzu tana kan bulo a bayan gida, kaji na yin ƙwai a inda kujerar baya take, kayanta kuma suna cikin buhuna a ɗakin ajiya. Ni ma'aikacin gwamnati ne mai mata da 'ya'ya huɗu. Rabona da in taɓa ta tun kafin azumin bara. Duk sanda na leƙa bayan gida sai gabana ya faɗi, in juyo. 'Yan gwangwan sun zo sau biyu suna tayi, maiɗakina kuma ta ce in sayar kowa ya huta. Malam, yaya mutum ke riƙe himma a doguwar hidima irin wannan? Ko in haƙura kawai?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Da na kai wurin kajin nan sai da na ajiye wasiƙarka na yi dariya, don tawa motar mage ce ta haihu a cikinta, sau biyu ma. A 2009 na sayi wata 504 wagon a hannun wani tsohon direban tasha da ya gaji da hanyar Kaduna zuwa Jos. Ni da na yi shekara 28 ina koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a, ina hana yara kwance abin da ba su shirya mayarwa ba, sai ga ni na warware mota ɗungurungum cikin sati uku. Daga nan ta yi shekara biyu da rabi ban ɗora mata sifana ba. Ba ta koma kan titi ba sai 2015. Saboda haka wanda ya faɗa ramin nan ne ke ba ka amsa.

Abin da ya same ka ba lalaci ba ne. Kwancewa ita ce mafi daɗi a duk aikin mota, kuma kyauta ce: sifana da sukudireba kawai kake buƙata, kullum da yamma kana ganin abin da ka yi, ga ƙofa a jingine, ga inji a ƙasa. Ranar da babu sauran abin kwancewa, ranar ainihin aikin ke farawa, kuma kowane taku daga nan kuɗi yake ci, ga shi ba ya nunawa a ido. Ka yi sati kana wanke kusoshi, mai wucewa ba zai ga bambanci ba, kai ma haka. Sannan in ka leƙa bayan gida, aiki ɗaya kake nema ka kama, amma idonka aiki ɗari biyu yake gani a tare. Faɗuwar gaban nan daga nan take.

Kafin mu je ga sifana, akwai maganar da ba ka tambaye ni ba amma dole in yi. Motar nan ta gado ce. An raba ta zama taka, ko dai kawai a gidanka take? Idan ba a raba ba, ka tara 'yan'uwanka maza da mata da iyayenku mata, a yi mata kuɗi a yadda take yau a kan bulo, ka biya kowa rabonsa ko su yafe maka, a gaban shaidu, a rubuta. Na ga wanda ya zuba kuɗinsa da guminsa, ranar da mota ta fito daga fenti tana walƙiya ranar 'yan'uwa suka tuna ta babansu ce. Kuma ko ba a kai ga rigima ba, mutum ba ya sakin jiki ya yi wa abu hidima in a can ƙasan ransa bai tabbata nasa ba ne.

Sai abu na biyu, wanda shi zai amsa tambayarka ta ko ka haƙura. Ranar Asabar mai zuwa ka ɗauki sukudireba da tocila ka je wurinta. Ba gyara za ka yi ba, bincike ne. Ka soki ƙasan inda direba da na gefensa ke sa ƙafa, ka soki dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin batir, da ƙasan but, da gefen da gilashin gaba ke zama, da saman da shokazoba na gaba ke ɗaurewa. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce. Ko rami ne a shimfiɗar ƙasa, mai walda zai yanke ya sa sabon falanki. Inda ake jin tsoro shi ne ƙashin motar, wato ƙarafan da ke ɗauke da inji da ƙafafu. In sukudireba ta shige nan kamar ta shiga biredi, to a sake shawara. Ina kyautata zaton ba za a kai nan ba, domin motar da ta yi rayuwarta a Zariya ba ta sha danshin da motocin Legas ko Fatakwal ke sha ba. Sai dai damina uku babu gilashi ba wasa ba ce, ka duba da kyau.

Idan ƙashinta lafiya, ka gode wa Allah da irin motar da Baba ya bar maka. 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, kuma ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kakuri a nan Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000. Ma'anar wannan a wurinka ita ce safaya ba ta yanke ba. Tsakanin kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano na samu kusan duk abin da na nema, kuma babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa dattijon bakanike da zai iya haɗa injinta cikin duhu. Ba ta da kwamfuta, ba ta da na'urar da sai an jona mata wata na'ura kafin a san ciwonta. Mai, wuta, iska, shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni. Alwashin da ka ci, wai sai ta koma yadda take ranar da aka sayo ta, shi ne ke danne ka. Wannan buri ne na ƙarshen tafiya, kuma yana da nisan da ba a hango shi daga kan bulo. Ka ajiye shi a aljihu. Burin bana shi ne motar ta tashi, ta tafi, ta tsaya in an taka birki, ta kai ka masallacin Juma'a ta dawo da kai. Ko da ƙofa ɗaya ja ce ɗaya fara, ko da a kan kujera ɗaya tak kake zaune. Motar da ke tashi ita ke kiran mai ita. In ka ji ƙararta yau, gobe ƙafarka da kanta za ta kai ka bayan gida. Tarin ƙarfe kuwa ba ya kiran kowa sai 'yan gwangwan.

Ni na gane haka a makare. Bayan shekara biyu da rabin nan, wani tsohon abokin aikina ya zo gaisuwa, ya zagaya ya ga motar, bai ce komai ba sai da zai tafi, ya tambaye ni ko injin na juyawa. Na fara yi masa bayanin launin fentin da na zaɓa. Ya sake tambaya ko injin na juyawa. Kunya ta kama ni, don ban sani ba. Sati shida bayan nan muka ɗora injin, babu bonet, babu salansa, mai kuma daga galan muke ba ta da tiyo. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama da wata irin ƙara da ta tashi tantabarun maƙwabcina gaba ɗaya. Hayaƙi ya cika tsakar gida, yaran unguwa suka hau katanga, uwargida ta fito da ludayi a hannu tana tambayar me ya fashe. Minti biyu kacal ta yi tana aiki kafin mu kashe. Minti biyun nan su suka riƙe ni shekara uku da suka biyo baya.

Saboda haka ka juya tsarin aikin. Ƙafafu tukuna, a sauke ta daga bulo ta tsaya a kan tayoyinta, ko da 'yan gwanjo ne na turawa. Mota mai turuwa ta riga ta daina zama bola, kuma za a iya matsar da ita in an tashi shara ko biki. Daga nan birki, sai inji da giya, sai wutar da ta zama dole (kunnawa, caji, fitilu, hon), sai takardu. Gyaran jiki na ado, kushin da fenti su ne ƙarshe. Waldar ƙasa ce kawai za ka gabatar in binciken Asabar ya nuna rami, domin ta fi sauƙi yanzu da mota take fanko, kuma ka cire tanki gaba ɗaya ka kai shi nesa kafin a kunna wuta.

Tunda na ambaci inji, bari in tsaya a kai, don a nan mutane ke jawo wa kansu kashe kuɗin da ke karya gwiwa. Injin 504 mai girman cc 1971 silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye, kuma kan injin ne ke danne su a mazauninsu. Ba ka faɗa mini ko ka cire kan ba. Idan ka cire, kada ka kuskura ka juya injin sai an danne hannayen rigar nan da ƙarfe da noti. In suka ɗaga ko kaɗan, abin da ke toshe ƙasansu ya saki, ranar da ka tayar ruwa zai gangara cikin baƙin mai, ka buɗe ka ga ya koma kamar shayi da madara. Idan kuwa ba ka cire ba, ka bar shi. Ka zare fulogai, ka zuba baƙin mai cokali ɗaya ko biyu a kowane rami, ka bar shi kwana uku, sannan ka juya a hankali da sifana. In ya zagaya ba tare da ya cije ba, rabin damuwarka ta tafi. Kabireta a kwance a wanke, domin fetur in ya daɗe yana bushewa ya bar danƙo da ke toshe ƙananan ramuka. Kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don fulogai su ba da wuta, a sa sabo, a ba shi tazarar milimita 0.4. Tsohon man da ya kwana a tanki kada ya shiga injin. Man birki kuma yana shan danshin iska, shi ya sa motar da ta yi shekaru a ajiye fistin birkinta ke tsatsa su liƙe. A zubar da shi duka, a sauya robobi da tiyo, kada a yi tsimi a nan.

Kuma don Allah bulon siminti ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. Yana fashewa ba sallama. Jak ma ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Ka sa mai walda ya yi maka ƙafafun ƙarfe huɗu masu faɗin gindi, ko ka nemi kututture mai kauri. Ina da tabo a kafaɗar hagu da ke tuna mini wannan duk lokacin sanyi.

To, batun lokaci. Kada ka jira hutun ƙarshen shekara ko wata Asabar da babu ɗaurin aure, babu ta'aziyya, babu baƙi. Ba ta zuwa. Abin da ya yi mini aiki shi ne tsakanin la'asar da magariba, kwana uku a mako, minti talatin zuwa arba'in. In aka kira salla na ajiye, ko da noti ɗaya ya rage. Da yayyafi kogi kan cika. Amma sirrin ba a mintunan yake ba, yana a yadda kake barin wurin. Kafin in wanke hannu sai na rubuta aikin gobe da alli a jikin bango, na kuma ajiye sifanar da zai buƙata a kan abin. Kuma ba na rubuta "gyaran birki", wannan ai suna ne na aikin wata guda. Ina rubuta "kwance birkin gaba na dama, sifana 17". In ka dawo daga ofis a gajiye, ƙarfin yin aiki kana da shi, ƙarfin tunanin ta ina za a fara ne babu. Ka bar na jiya ya yi wa na yau tunanin.

Aikinka na farko ma ba a jikin motar yake ba, buhunan nan ne. Ka shimfiɗa tabarma, ka zazzage buhu ɗaya a rana. Ka tara gwangwanayen madara da robobin fenti, kowanne ka manna masa takarda: ƙofar gaba ta hagu, dashbod, lagireto. Abin da ba ka gane ba ka ware masa roba guda. Na san ba ka ɗauki hotuna ba lokacin kwancewa, kusan babu mai ɗauka a karon farko. Maganinsa mai sauƙi ne. Ka je tasha ko garejin tsofaffin Fijo, ka sami mai 504 da ke aiki, ka gaishe shi da kyau, ka saya masa shayi, ka roƙi ya buɗe maka bonet ka ɗauki hoton kowane lungu da wayarka. Direbobin nan in suka ji motar mahaifinka kake tayarwa, har abin da ba ka tambaya ba za su gaya maka.

Ka kuma sayi littafi mai bango. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, abin da aka yi, nawa aka kashe. Akwai watannin da za ka ji kamar ba ka motsa ba. Nawa littafin ya kai shafi 61, kuma ba sau ɗaya ba na zauna na karanta shi daga farko don kawai in gamsar da kaina cewa ana tafiya.

Kuɗi kuwa, kowa ya san inda aka kwana tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi. Safaya ta yi tsada, albashi bai bi ta ba. Ka yanke wa motar wani abu ƙayyadadde a wata, komin ƙanƙantarsa, ka ware shi daban, ko ka shiga adashi domin manyan sayayya irin su tayoyi da batir. Kuɗin cefane da na makarantar yara haramiyarta ne. Kuma ka sayi abin matakin da kake kai kaɗai. Ni na sayi bamba mai ƙyalli da tambarin zakin gaba tun motar ba ta da taya, na rataye su a ɗaki ina kallo. Da lokacin ɗaura su ya yi, bambar ta fara tsatsa a rataye, kuɗinta kuma da ya isa ya gama mini birki shekara guda kafin nan. Batir da tayoyi masu kyau su ma ka bar su sai ana gab da hawa titi, don suna tsufa ko ba a mora ba.

Maiɗakinka tana da gaskiya fiye da yadda kake so ka yarda. Ita ce ke zagaye bulon nan in za ta shanya, ita ke rasa ɗakin ajiya, kuma shekara uku tana jin "kwanan nan". Kada ka yi mata wa'azin darajar kayan tarihi. Ka sayi tamfol ka rufe motar, ka kori kajin, ka tattara buhunan su koma kusurwa ɗaya. Sannan ka zauna ka gaya mata nawa za ka riƙa kashewa a wata da kuma watan da tayoyi za su taɓa ƙasa, ka cika. Yaran ma ka ja su. Ɗan shekara goma zai iya wanke noti da kananzir da tsohon buroshi, kuma motar kakansa ce. Autana da ya riƙa miƙo mini sifana, yau shi ke tuƙa wagon ɗin in za mu ƙauye, kuma ba ya yarda kowa ya jingina da ita.

Ka nemi dattijon bakanike guda da zai riƙa zuwa gida Asabar biyu a wata, ka biya shi kuɗin yininsa. Ilminsa daban, amma babban amfaninsa shi ne kunya: in ka san zai zo, za ka gama abin da ya bar maka. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ɗora motar a kan a-kori-kura ka kai gareji ka ce a gama. Na kai tawa wurin wani mai gyaran jiki, na biya kuɗin duka a gaba don in nuna ni mutumin kirki ne. Wata takwas tana can ƙarƙashin bishiyar maina, kullum "ranar Laraba, Malam". Da na je ɗauko ta da ƙarfin tsiya, fitilun gaba biyu sun yi ƙafa. Ban ma ga laifinsa sosai ba daga baya. Mai gareji da motocin da masu su ke tsaye a kansa yake cin abinci, taka da ba ta da ranar tafiya kullum ita ce ta gobe. In za ka ba da aiki, ka ba da gunduwa-gunduwa, ƙofa biyu yau, a gama a biya, kuma duk abin da ke kwantuwa ya kwana a gidanka.

Hutu ba laifi ba ne in kai ka sa shi. Ni ba na taɓa mota a azumi, haka ma tsakiyar damina in bayan gida ya zama taɓo. Bambancin hutu da watsarwa shi ne ka rufe ta da kyau, ka rubuta ranar dawowa da aikin da za ka fara da shi. Fenti kuma in lokacinsa ya zo, in ba a rufaffen ɗaki za a fesa ba, ka nufi ɗan tsakanin nan bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko. Danshin damina na dusashe shi, ƙurar hunturu kuma na mannewa a jiki ta mai da shi kamar takardar goge katako.

Ka rage kallon bidiyon nan na Facebook da TikTok da ake tayar da mota cikin minti ɗaya. Aikin shekara biyu ne na mutum biyar aka datse.

Ko ka haƙura? Ga ma'auni. In gado ya warware, ƙashin mota kuma lafiya, ka ba kanka kwana 90 daga Asabar ɗin nan, da buri ɗaya: ta sauka daga bulo ta tsaya da ƙafafunta. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, zuwa kawai yake so. Idan kwanakin suka cika ka duba littafi ka ga layi uku ne a ciki, to zuciyarka ta ba ka amsa, kuma babu abin kunya. Haƙƙin Baba a kanka addu'a ce da sadaka da zumunci, ba Fijo ba. Sai dai kada ka ba masu awo a sikeli. Ka nemi mai son ta ya tayar, ka haɗa masa da gwangwanayen da ka jera, za ta fi daraja a haka. Ka cire sitiyarin ka ajiye don tunawa da Baba.

TAMBAYA

Malam, ina da 504 da nake gyarawa, saura kaɗan ta tashi. Abokaina sun ce in jefar da injinta in sa na Toyota, in sa mata na'urar sanyi da gilashi mai hawa da kansa. Me ka gani?

Wani matashi daga Katsina

AMSA

Ɗana, kalmar "saura kaɗan" ita ce ta fi komai tsada a wasiƙarka, kada ka bari abokai su karɓe ta. A 504 salun da wagon, sandar da ke kai juyi baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da difiransha (mai raba juyi ga tayoyin baya) tamkar abu guda. Da ka sauya inji, giyabos zai ce shi ma, daga nan bututun, sai mazaunan inji, sai lagireto, sai wayoyi, sai lambar injin da ke takardunka ta daina dacewa da abin da ke cikin bonet. Ana yi, na ga waɗanda suka yi ya yi kyau, amma sabon aiki ne na wata da watanni, ba ƙarasawa ba. Ka tayar da ita da injinta, ka hau ta wata shida. Duk sha'awar da ta zo maka a tsakani ka rubuta a shafin ƙarshe na littafinka. Wadda ta rage tana damunka bayan wata shidan, ita ce ta gaske. Su kuma abokan, ka tambaye su wa zai kawo kuɗin injin.

TAMBAYA

Malam, maigidana yana da matattun motoci uku a ƙofar gida: Buswaja kunkuru, Fijo 404 a-kori-kura da wata tsohuwar Marsandi. In ya fara wannan sai ya koma waccan, yanzu kuma yana zancen ta huɗu. Ba na son in ɓata masa rai, amma abin ya ishe ni.

Wata uwargida daga Maraɗi

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Ciwon maigida na san shi, daɗin farawa ne. Duk sanda aiki ya kai wurin da ke da wuya, sabuwar mota ta fi kyau a ido. Kada ki ce masa ya sayar duka, zai ji kamar shi kike son a fitar. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki tambaye shi wacce ce a cikin ukun za ta fara kai ki unguwa, kuma yaushe. In ya nemi ra'ayinki, ki ce kunkurun. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa, noti huɗu ne ke riƙe shi da giyabos, mutum biyu za su sauke shi kafin azahar. Ita ce mafi kusa da titi in jikinta bai ruɓe ba. Marsandin ita za ta fi cin kuɗi, in ya yarda a sayar da ita a zuba a kunkurun, an jefi tsuntsu biyu. Ta huɗun kuwa ki ce kin amince, ranar da ya sauke ki a ƙofar gidanku a cikin ta farko, da shi a sitiyari, ba tura ta aka yi ba.